Uwa, Ƙasa da Haƙuri a Waƙoƙin Indiya: Tambayoyi da Amsoshi

In aka ce waƙar Indiya a wurinmu, abin da ke fara zuwa rai shi ne saurayi da budurwa suna zagaye bishiya a fim. Tambayoyin nan a kan wata waƙar suke: ta sha'irai masu alƙalami da ta matan ƙauye, inda ita kanta bishiyar ce abin magana, da kogi, da uwar da ke ɗebo ruwansa.

Me ake nufi da duba waƙa ta fuskar muhalli?

Hanya ce ta nazari da take hana mai karatu tsallake bishiya ya wuce kai tsaye wurin mutum. A fashin baƙin da aka saba, in sha'iri ya ambaci hadari sai a ce baƙin ciki yake nufi, in ya ambaci fure a ce budurwa ce, shi ke nan an sallami hadarin da furen. Mai nazarin muhalli kuwa tsayawa zai yi ya tambaya: wace bishiya ce, a wane wata take fure, wa ke son sare ta? Wa ke zuwa rafin nan da tulu, kuma daga ina ta taso? Sunan fannin da Ingilishi, ecocriticism, ya fara fitowa a 1978 a rubutun Ba'amurke William Rueckert, ya bunƙasa a jami'o'i cikin shekarun 1990.

Da wane harshe ake waɗannan waƙoƙi?

Da yawa. Tsarin mulkin Indiya kaɗai ya lissafa harsuna 22. A nan za a taɓa Sanskirit, Tamil, Bangali, Marati, Malayalam, Kashmiri, Hindi da Ingilishi, kuma ko rabin gonar ba a nome ba.

Tun yaushe Indiyawa suke kiran ƙasa uwa?

Tun daga littattafansu mafi tsufa. A cikin Atharvaveda akwai doguwar waƙa ga ƙasa mai baiti 63, inda mai waƙar ya ce ƙasa uwarsa ce, shi kuma ɗanta. Wannan ɗangon kowa ke haddacewa. Akwai wani baiti can gaba wanda ya fi shi nauyi a wurin masu muhalli: yana roƙon abin da ya tona daga jikinta ya yi saurin tofowa, kada ya taɓa mata makasa ko zuciya. Manomin da ya faɗi haka ya san garmarsa na ji wa ƙasa ciwo. A Rigveda kuma an kira kogin Saraswati mafificiyar uwaye kuma mafificiyar koguna.

Daga nan haƙuri ya shigo. Tirukkural, tsohon littafin hikima na Tamil mai baiti 1,330, ya buɗe babinsa na haƙuri da cewa mutum ya jure wa mai zaginsa kamar yadda ƙasa take ɗauke da mai haƙa ta. Sita ta labarin Ramayana, wadda suka mai da abin misali wajen juriyar mace, ma'anar sunanta kwarin kunyar gona ne, domin a bakin garma aka tsince ta. Sai dai masu kafa hujja da haƙurinta kan manta ƙarshen labarin. Da aka nemi ta sake tabbatar da tsarkinta a bainar jama'a bayan duk abin da ta sha, sai ta kira uwarta ƙasa, ƙasa ta tsage ta karɓe ta.

Musulmin Indiya fa, yaya suka ɗauki wannan kirari?

An daɗe ana kai ruwa rana a kansa. Waƙar Vande Mataram ta Bankim Chandra Chattopadhyay, wadda ta fito cikin littafinsa Anandamath a 1882, ta fara da yabon ƙasa uwa mai yalwar ruwa da 'ya'yan itace da sanyin iska. A baitocin gaba sai ta daidaita ƙasar da abin bautar Hindu, Durga da Lakshmi, kuma a nan Musulmi da yawa suka ja da baya. A 1937 jam'iyyar Congress ta zaɓi baiti biyu na farko kawai don tarurrukanta, duk da haka gardamar takan taso har yau.

Musulmin suna da nasu waƙoƙin muhalli ba tare da wannan salo ba. Shaihu Nuruddin na Kashmir, wanda ake kira Nund Rishi, ya rayu tsakanin ƙarni na 14 da na 15, kuma ana jingina masa wata gajeriyar magana da ta zama karin magana a can: abinci zai ɗore muddin daji ya ɗore.

Ana yawan ambaton tsoffin waƙoƙin Tamil. Me ya bambanta su?

Sha'iran zamanin Sangam, kusan shekara dubu biyu da suka wuce, sun raba duniyar soyayya gida biyar, kowane gida da irin ƙasarsa. Tsauni na haɗuwar masoya ne a ɓoye, kuma sunansa kurinji, sunan wani fure da ke fitowa sau ɗaya a shekara 12. Dajin makiyaya na matar da ke zaman jiran miji da haƙuri, lokacinsa damina da yamma. Fadamar noma ta rigimar ma'aurata ce, bakin teku na jiran da ya zama fargaba, ƙeƙasasshen fili na rabuwa. Kowane gida da tsuntsunsa da bishiyarsa da sana'ar mutanensa. Sha'iri ba ya buƙatar cewa matar tana haƙuri. Ya ambaci shanu na dawowa gida, ƙamshin furen mullai na tashi bayan ruwa, mai sauraro ya riga ya gane.

Akwai wata waƙa a kundin Natrinai da ta fi kwanta mini. 'Yan mata suna wasa a farin yashi suka tura ƙwallon bishiyar punnai cikin ƙasa suka manta. Da ya tsiro suka riƙa zuba masa madara da man shanu, uwarsu kuma ta ce musu wannan 'yar'uwarku ce, har ta fi ku. Shekaru sun wuce, saurayi ya zo zance ƙarƙashin bishiyar, sai aka ce masa a nemi wata inuwar, ana jin kunyar yin raha a gaban 'yar'uwa. Ba a yi wa kowa wa'azin kare bishiya a waƙar ba. Amma gidan da ke jin kunyar bishiya, wa zai shigo masa da gatari?

Wace waƙa ce ta fi haɗa uwa, juriya da muhalli wuri ɗaya?

Wadda A. K. Ramanujan ya sa wa suna "Ecology", wato ilimin muhalli, cikin kundinsa na 1986. An haife shi a Mysore a 1929, ya koyar a Jami'ar Chicago, a can ya rasu a 1993, kuma shi ne ya fassara waƙoƙin Sangam da dama zuwa Ingilishi.

Labarin gida ne. Kowace shekara, washegarin ruwan farko, ɗan yakan dawo gida a fusace, domin tun daga nesa yake hango bishiyoyin champak uku na gidansu sun fashe da fure. Ya san abin da ke jiransa: mahaifiyarsa na kwance da ciwon ɓarin kai, irin mai rufe ido. Champak fure ne mai ƙarfin ƙamshi da ake sa wa a turare. Ƙurar furen takan cika unguwa kamar hazo, iska ba ta kore ta, rufe ƙofa ba ya hana ta shiga. Maganin a bayyane yake, a sare bishiyoyin. Ita kuwa, da jiƙaƙƙen tsumma a ka, tana faɗa, ta ce ba mai taɓa su. Bishiyar ta kusa sa'arta, daga kashin wani tsuntsu mai wucewa ta tsiro, kyauta ce aka aiko mata, kuma ita ke ba ta furen ibada da na 'ya'yanta mata da jikoki kwando-kwando kowace shekara. Sha'irin ya rufe da ba'a mai ɗaci: wani reshe na dangi abin da ya gada daga bishiyar shi ne ciwon kan.

Dubi sarƙar da ya ƙulla: tsuntsu ya ci ɗan itace, ya yar da iri, iri ya zama bishiya, bishiya ta shiga ibada da kwalliya, ta kuma shiga jijiyar kan tsohuwa. Ilimin muhalli ke nan a tsakar gida. Abin da ya sa waƙar ta fi takwarorinta shi ne bishiyar cikinta tana cutarwa da gaske, kuma mai kare ta ita ce mai shan wuyar.

To wa ke da gaskiya, uwar ko ɗan?

Ɗalibai kan rubuta cewa uwa ce mai gaskiya, ɗan ya wakilci ɗan zamani mai son sare komai. Wannan karatun ya yi sauƙi da yawa. Fushin ɗan daga ƙauna ya fito, wanda ya taɓa jinyar mahaifiya ya san haka. Ita kuma ba a nuna ta tana murmushin waliyyai ba, masifa take yi. Zaɓi ta yi da bakinta, ta kuma tsaya a kai. Juriyar da mutum ya zaɓa daban take da wadda aka ɗora masa sannan aka yi masa kirari.

Waƙar kunama ta Nissim Ezekiel ma ta shiga wannan sahu?

Ta shiga. Ezekiel Bayahuden Bombay ne, ya rayu daga 1924 zuwa 2004, waƙar kuma ta fito a 1965. Ruwan sama na awa goma ya koro kunama ta ɓuya ƙarƙashin buhun shinkafa, ta harbi uwar a yatsan ƙafa ta fice. Maƙwabta suka cika ɗakin da fitilu suna neman kunamar, domin a ganinsu duk motsinta dafin na motsi a jini. Suna zaune kewaye da matar suna cewa Allah ya sa zafin ya ƙone zunuban rayuwarta ta baya. Uban, wanda bai yarda da camfi ba, ya gwada garin magani da ganye, har ya zuba kananzir a yatsan ya ƙyasta ashana. Bayan awa ashirin dafin ya sauka. Abin da kawai matar ta ce shi ne godiya ga Allah da kunamar ta zaɓe ta ta bar 'ya'yanta.

Akan karanta ƙarshen da hawaye, kuma ya cancanta. Mai nazarin muhalli zai ƙara abu biyu. Kunamar mafaka take nema kamar kowa a daren. Sannan duk tsawon waƙar kowa ya yi magana a kan jikin matar, ita sai a ɗango uku na ƙarshe aka ji bakinta.

Akwai sha'irin da ya soki 'yan'uwansa kan yabon koguna?

Ramanujan ɗin dai, a waƙarsa ta 1966 kan kogin birnin Madurai, wato Vaigai. Tsoffin sha'irai sun yi ta yabon cikarsa. Shi kuma ya nuna shi da rani, ya ƙafe sai haƙarƙarin yashi, ciyawa da gashin mata sun toshe magudanai. Da ambaliya ta zo, mutanen gari suna lissafin matakalar da ruwa ya rufe, da gidaje uku da ya tafi da su, da shanu biyu masu suna Gopi da Brinda, da wata mace mai ciki. Shanun suna da suna, matar ba ta da shi. Sababbin sha'irai suka ci gaba da maimaita tsofaffi, ba wanda ya sa ta a baiti.

Su matan karkara me suka faɗa da bakinsu?

A nan ne ya kamata a daɗe. Bahinabai Chaudhari ta yankin Jalgaon a jihar Maharashtra ta rayu daga 1880 zuwa 1951. Ba ta yi karatu ba, an yi mata aure tana ƙarama, miji ya rasu ya bar ta da yara da gona. Tana niƙa ko tana aikin gona take ƙaga baitocinta, ɗanta Sopandev yana rubutawa, sai bayan rasuwarta aka buga su a 1952. Yau akwai jami'a a Jalgaon da ke ɗauke da sunanta.

Baitinta da ya fi yawo ya kamanta zaman duniya da kasko a kan murhu: sai hannu ya ƙone kafin a samu gurasa. A wani kuma tana kallon tsuntsuwa mai saƙa sheƙa ta rataya wa 'ya'yanta shimfiɗa a reshe, da ɗan bakinta kawai, shi ne haƙorinta shi ne leɓenta, sai ta juya ga ɗan Adam ta ce kai an ba ka hannu biyu da yatsa goma. Ba ta kallon gona daga taga. Ta san ƙaya, ta san ranar da ruwa ya ƙi zuwa.

Salon da ta yi amfani da shi sunansa ovi, waƙar dutsen niƙa da asuba. Masu bincike biyu, Hema Rairkar da Guy Poitevin, da abokan aikinsu sun tattara irinsu sama da 100,000 a ƙauyukan jihar. Cikinsu akwai kewar gidan uwa, ƙorafin uwar miji, fari, haihuwa. Wanda ya ji waƙar niƙa ko ta daka a ƙasar Hausa ya san wannan murya, ya kuma san abin da ya kashe ta a wuraren biyu: injin niƙa.

Shin kogin uwar kowa ne?

Sha'iran Dalit, wato waɗanda tsarin bambancin asali na Hindu ya ajiye a ƙasan kowa, sun ce a'a. A 1927 sai da Dokta Ambedkar, jagoran Dalit, ya jagoranci dubban mutane zuwa tafkin Chavdar a garin Mahad don kawai su sha ruwan da doka ta ce na jama'a ne. Bayan sun tafi, masu ganin kansu manya suka yi bikin tsarkake tafkin. Wanda aka hana uwarsa taɓa rijiya ba zai rera waƙar kogi uwa da murya ɗaya da mai rijiyar ba. A waƙar Waman Nimbalkar ta Marati, uwa tana shiga daji neman itacen sayarwa, in ba a saya ba a kwana da yunwa, har ranar da maciji ya sare ta ta mutu. Dajin nan wurin neman abinci ne mai haɗari, kuma ɗan, da ya girma, duk inda ya ga mace da damin itace sai ya saya.

Kiran kogi uwa ya kare shi daga ƙazanta?

Ga Ganga nan, mai tsawon kimanin kilomita 2,500, da miliyoyi ke kira uwa. Ruwan najasar birane na kwarara cikinta, majemun Kanpur sun daɗe suna zuba mata guba. A watan Maris na 2017 babbar kotun jihar Uttarakhand ta ba Ganga da Yamuna matsayin mutum a gaban shari'a, Kotun Ƙoli ta dakatar da hukuncin bayan 'yan watanni. A Delhi, lokacin bikin Chhath, akan ga mata sun yi doguwar azumi don lafiyar 'ya'yansu, suna tsaye har ƙugu cikin Yamuna, farin kumfan ƙazanta ya kewaye su.

Wasu ma na ganin kirarin ne ke sauƙaƙa ɓarnar: uwa ai ita ke wanke kashin ɗa ba ta ƙorafi. Vandana Shiva, 'yar gwagwarmayar kare muhalli, a littafinta na 1988, ta jaddada kusancin mace da halitta a al'adar Indiya. Masaniyar tattalin arziki Bina Agarwal ta amsa cewa kusancin daga aiki ya fito, daga wa ke ɗebo ruwa da itace da wa ke da takardar gona. Ni na fi karkata ga Agarwal, ko da yake waƙoƙin da suka tara jama'a galibi da harshen Shiva suka yi magana.

Fim ɗin Mother India yana da alaƙa da wannan?

Ƙwarai. Fim ɗin 1957 da iyayenmu suka kalla a silimun Kano da sauran garuruwa hoton nan ne a allo: mace na jan garma da wuyanta, ambaliya ta cinye gona, mai ba da bashi na jira, waƙa na yabon juriyarta.

Su wa ke rubutu a kai yanzu?

Muryoyi masu ƙarfi suna fitowa daga ƙabilun daji da tsaunuka. Mamang Dai ta Arunachal Pradesh, wadda aka haife ta a bakin kogin Siang, takan rubuta kogi a matsayin mai rai. Jacinta Kerketta ta Jharkhand tana rubutu da Hindi kan dajin Saranda da ake haƙar ƙarfe a cikinsa. Tana da waƙa inda yarinya ke tambayar uwarta me ya sa take kwana jiran furen mahua ya faɗo maimakon ta tsinko shi. Uwar ta ce furen cikin mahaifa yake kwana, in lokacin haihuwarsa ya yi da kansa zai sauko. Mai tsintar kaɗanya da sassafe ba ta buƙatar a yi mata bayanin wannan.

Waƙa ta taɓa ceton daji kuwa?

Ita kaɗai a'a, amma ta taɓa sa hannu. A Kerala, cikin shekarun 1970, an shirya gina madatsar ruwa a kogin Kunthipuzha da za ta nutsar da wani ɓangare na dajin Silent Valley. Masana kimiyya sun kawo hujjoji, sha'ira Sugathakumari da abokanta suka kai maganar dandali. Waƙarta ta yabon bishiya, mai shanye guba ta ba da iskar numfashi, ta zama abin buɗe tarurruka. An yi musu ba'a da sunan mawaƙan bishiya. A 1983 aka soke aikin, a 1984 dajin ya zama gandun ƙasa.

A arewa kuma akwai gwagwarmayar Chipko ta rungumar bishiyoyi don hana sare su, wadda mawaƙinta Ghanshyam Sailani ya riƙa bi ƙauye-ƙauye da waƙoƙin rungumar bishiya. Ranar 26 ga Maris 1974, mazan ƙauyen Reni sun tafi gari karɓar diyya, sai ga masu saran itace sun iso. Gaura Devi ta tara mata 27 suka tare su, ta ce musu dajin nan gidan uwarsu ne, suka kwana suna gadi har mutanen suka janye. A 1980 gwamnati ta hana saran ɗanyen itace a tsaunukan yankin na shekara 15. Daga baya aka gina tashar lantarki ta ruwa a gindin ƙauyen. Ranar 7 ga Fabrairu 2021 dutse da ƙanƙara suka ɓalle daga tsauni, ambaliya ta biyo kogin Rishiganga ta share tashar da gadar Reni, mutum sama da 200 suka mutu ko suka ɓace, mafi yawansu ma'aikatan tashoshin lantarki biyu.